Babi na biyu ya gagare ni, ko in biya a rubuta min?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a sashen nazarin zamantakewa, kuma bincikena a kan matan da ke barin karkara su tafi birni neman aiki ne. An amince da babi na ɗaya, amma babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, ya tsaya min a wuya. Sau uku malamin da ke duba aikina yana dawo min da shi. A karo na ƙarshe ya rubuta da jan biro a shafin farko cewa, "Wannan jerin sunaye ne, ba bita ba. Manazartarki ba su da ƙarfi." Wallahi ban gane abin da yake so ba, kuma ina jin nauyin sake tambayarsa. Taken aikina nake rubutawa a Google, abin da ya fito in ɗauka. Waɗanda na ga alamar suna da kyau kuma, da na danna sai a ce in biya kuɗi. Laburaren makarantarmu ban cika shiga ba, don an ce min littattafan ciki duk sun tsufa. Har na fara tunanin babu wanda ya taɓa rubutu a kan batun nan. Abokan karatuna sun kai babi na huɗu. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani mai rubuta wa ɗalibai babi, ta ce cikin mako guda zai gama. Raina bai kwanta ba, amma na gaji, har kuka nake yi da dare. Wata huɗu ya rage min. Me kike gani?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da fama. Na ji daɗi da kika rubuto tun kafin ki miƙa kuɗin, kuma rashin kwanciyar ran da kika ce kina ji, gaskiya yake gaya miki. Ki gode wa ƙawarki, na san don ta taimake ki ta yi, amma kada ki ba mutumin nan aikinki.

Wanda zai gama miki bita cikin mako guda ba zama zai yi ya karanta ba. Tsofaffin kundaye zai yanko ya liƙa, ya sauya kalmomi nan da can, kuma sau da yawa babin da ya sayar miki ya riga ya sayar wa wani. Jami'o'i da dama suna saka kundi a manhajojin gano kwafe irin su Turnitin kafin a yarda ɗalibi ya kare aikinsa. Ko kin tsallake manhaja, akwai ranar kare kundi, inda mai jarrabawa daga wata jami'a zai buɗe manazartarki, ya ɗora yatsa a kan suna ɗaya, ya ce, "Me wannan ya ce, kuma a ina kika saɓa masa?" Wanda bai karanta ba, a nan bakinsa ke mutuwa. Kuma abin ba ya rufuwa don an karɓi takarda. A 2013 Jami'ar Düsseldorf ta ƙasar Jamus ta janye digirin dakta na ministar ilimin ƙasar, Annette Schavan, saboda satar fasaha a kundin da ta rubuta tun 1980, ta kuma sauka daga muƙaminta. Shekara 33 ke nan tsakani. Kafin ita, a 2011, ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya rasa nasa digirin da kujerarsa a kan irin wannan laifi. Ban da haka, za ki rayu da sanin cewa akwai wani mutum riƙe da sirrinki, yana iya juyo miki duk ranar da ya ga dama. Ba na so miki wannan rayuwar.

Wata huɗu ya ishe ki, in kin canza yadda kike aikin. Daga wasiƙarki na fahimci cewa babu wanda ya taɓa zaunar da ke ya nuna miki yadda ake neman kayan bincike, kuma wannan abu ne da ake koya wa mutum, ba a haifar kowa da shi. Ɗalibai masu yawa haka suke gama digirin farko ba a nuna musu ba.

Mu fara da jan biron malaminki. Ban ga babinki ba, amma zan iya hasashen kamanninsa. Sakin layi na farko: wane ya ce ƙaura ita ce kaza. Na biyu: wance ta yi bincike a wuri kaza ta gano kaza. Na uku: su wane sun ce talauci ne ke jawo ƙaura. Haka har shafi ashirin, kowa a tsaye shi kaɗai, babu mai magana da wani, kuma muryarki ba ta fito ko sau ɗaya ba. Abin da yake nufi da jerin sunaye ke nan. Bita kuwa kamar ki shiga taron da aka daɗe ana muhawara ne, ki zauna ki saurara har ki gane wa ke goyon bayan wa, wa ya ƙaryata wa, me aka daidaita a kai, me har yanzu ake jayayya a kai, sannan ki fito ki ba mu labari, ki kuma nuna inda ke za ki sa baki.

Batunki yana da irin wannan muhawara, kuma ta tsufa. A 1885 wani masani mai suna Ernst Georg Ravenstein ya yi nazarin ƙidayar jama'ar Birtaniya ya fitar da abin da ya kira dokokin ƙaura. Cikin abin da ya lura da shi har da cewa mata sun fi maza yin ƙaura a cikin ƙasarsu, maza kuma sun fi ƙetare iyaka. Duk da haka, shekaru masu yawa bayansa aka ci gaba da rubutu kamar namiji ne mai ƙaura, mace kuwa rakiya take yi. A 1966 Everett Lee ya tsara abin zuwa dalilan da ke korar mutum daga gida, da waɗanda ke jansa zuwa wani wuri, da cikas ɗin da ke tsakani, da halin shi kansa mutumin. A 1970 John Harris da Michael Todaro, masana tattalin arziki, suka yi tambayar da ta dame su: me ya sa mutane ke ci gaba da kwarara birni alhali ga marasa aiki nan jibge a birnin? Amsarsu ita ce mai ƙaura yana auna abin da yake sa ran samu ne, wato girman albashin birni haɗe da yiwuwar samun aikin. A wannan shekarar dai Akin Mabogunje, masanin labarin ƙasa, ya ce a daina kallon mutum ɗaya, a kalli tsarin gaba ɗaya: iyali, da hukumomi, da labarin da waɗanda suka tafi ke aikowa gida, wanda shi ke sa wasu su biyo baya ko su fasa. A 1985 Oded Stark da David Bloom suka ce sau da yawa gida ne ke yanke shawarar, a tura mutum ɗaya birni don in noma ya ƙi, kuɗin da zai aiko ya riƙe iyali. Shekara guda kafin nan, a 1984, mujallar International Migration Review ta fitar da fitowa ta musamman a kan mata da ƙaura, inda Mirjana Morokvasic ta ƙalubalanci yadda aka daɗe ana mantawa da su.

To ki dubi matan da za ki yi hira da su da waɗannan idanu. Yarinyar da ta taho birni, ita ta yanke shawara kamar yadda Harris da Todaro za su zata, ko gidansu ne suka tura ta kamar yadda Stark da Bloom suka ce? Yayarta da ta riga ta zuwa, wane labari ta kai gida? Akwai wadda ba neman kuɗi ne ya fito da ita ba, gudun wani hali ne da babu ɗaya daga cikin ra'o'in nan da ya yi lissafinsa? Da zarar kin fara irin waɗannan tambayoyi, babinki zai sauya siffa. Kowane sashe zai tsaya a kan mas'ala ɗaya, misali wa ke yanke shawarar tafiya, ko ina kuɗin da mace ta samu ke zuwa, ko wane irin aiki ke jiranta, kuma a ƙarƙashin kowace mas'ala ki tara masu ra'ayi iri ɗaya, ki gwama su da masu saɓa musu, ki faɗi wanda hujjarsa ta fi gamsar da ke da dalili. Sunayen da na ambata mafari ne kawai. Ki nemo ayyukan ki karanta da idonki, kada ki ɗauki taƙaitawata ki saka a kundi.

Kin ga ke nan maganar cewa babu wanda ya yi rubutu a kan batunki ba ta taso ba. Mai yiwuwa babu wanda ya yi a kan ainihin ƙauyuka da birnin da kika zaɓa, kuma wannan abin murna ne, shi ne giɓin da aikinki zai cike. Amma bita tana tafiya ne daga nesa zuwa kusa: ra'o'in da suka shafi kowa, sai binciken da aka yi a wuraren da suka yi kama da naki ko da a wata nahiya suke, sannan abin da aka rubuta a kan yankinki, komai ƙanƙantarsa.

Yanzu yadda ake nema. Ki daina zuba taken aikinki gaba ɗaya a Google. Take doguwar jimla ce da ke kika ƙirƙira, babu wanda ya rubuta ta haka, shi ya sa abin da ke fito miki shafukan masu sayar da kundi ne da rubuce-rubucen da ba a tantance ba. Ki ɗauki takarda ki raba batun gida uku: ƙaura daga karkara zuwa birni, mata, da aiki. A ƙarƙashin kowanne ki rubuta duk kalmomin da masana ke amfani da su a harshen da aka fi rubuta binciken, galibi Turanci, wani lokaci Faransanci. Wani zai ce mata, wani zai ce jinsi, wani zai ce 'yan mata masu tasowa. Wani zai ce aikin gida, wani zai ce ƙananan sana'o'in da ba su da rajista. Sai ki koma Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004 musamman don rubutun ilimi, ki riƙa haɗa kalma biyu ko uku kawai. In kina son kalmomi su fito a jere yadda kika rubuta su, ki sa su cikin alamar zance. A rumbunan mujallu na intanet da laburare ke da su, kalmar AND tana matse nema, OR tana faɗaɗa shi. Duk maƙala mai kyau da kika samu, ki duba muhimman kalmomin da aka jera ƙarƙashin tsakurenta, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkonta, ki ƙara su a takardarki.

Amma dabarar da ta fi kowace amfani ita ce bin sawu. Ki sami maƙala ɗaya tak mai inganci, wadda ta fito cikin 'yan shekarun nan kuma ta yi kusa da batunki. Ki je ƙarshenta ki karanta manazartarta layi-layi, da biro a hannu, kina yi wa masu amfani alama. Wannan ya kai ki baya, wurin waɗanda suka gabace ta. Sannan ki rubuta sunanta a Google Scholar. A ƙarƙashinta za ki ga ɗan rubutu, Cited by, da lamba a gefensa. Ki danna, zai jero miki ayyukan da suka ambace ta bayan fitowarta, kuma a saman jerin akwai wani ɗan akwati da in kin yi masa alama za ki iya nema a cikinsu kaɗai. Wannan ya kawo ki gaba, har zuwa bana. Ki gwada da maƙalar Mabogunje ta 1970, ki nemi kalmar mata a cikin waɗanda suka ambace ta, ki ga abin da zai fito. Akwai kuma maƙalun da aikinsu shi ne bitar fage gaba ɗaya, irin wadda Douglas Massey da abokan aikinsa suka buga a 1993 a mujallar Population and Development Review. A kan ƙaura tsakanin ƙasashe take, amma ta jera ra'o'in ta gwada su da juna, kuma za ki koyi yadda ake gina bita daga yadda aka gina ta. Ranar da kika ga sunaye iri ɗaya suna ta maimaituwa a manazartar duk abin da kika buɗe, to kin kai tsakiyar fagen.

Sai maganar laburare, kuma a nan zan ɗan yi miki faɗa. "An ce min" kika rubuta. Ki je da ƙafarki. A fannin likitanci ko kwamfuta littafi yakan tsufa da wuri, amma a nazarin zamantakewa, da tarihi, da adabi, da falsafa, aikin da aka yi shekara hamsin baya yana iya zama shi ne tushen da kowa ke komawa gare shi. Littattafan laburare kuma a tsare suke a kan kantoci bisa batu. In laburarenku tsarin Dewey yake bi, wanda Melvil Dewey ya fitar a 1876, ilimin zamantakewa yana ƙarƙashin 300: ƙaura a 304.8, mata a 305.4. In tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne, wanda manyan jami'o'i suka fi bi, ki nemi harafin H: yawan jama'a da ƙaurar cikin gida a HB, iyali da mata a HQ, al'ummar birni da ta karkara a HT. Ki samo lambar littafi ɗaya a katalog, ki je gabansa, ki duba na damarsa da na hagunsa, da na sama da na ƙasa. Sau da yawa wanda ya fi yi miki amfani shi ne maƙwabcin wanda kika zo nema. Ki buɗe fihirisar da ke bayan littafi ki nemi kalmominki, ba sai kin karanta shi duka ba.

Kuma kantocin littattafai rabin laburare ne a yau. Sauran rabin rumbunan mujallu ne da jami'a ke biya ko ake ba ta dama, kuma wani ɓangare na abin da ake ce miki ki biya, mai yiwuwa makarantarku ta riga ta mallaki hanyar shigarsa ba ki sani ba. Mabuɗin yana hannun ma'aikatan laburare. Mutane ne da suka yi digiri a kan neman bayanai, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ɗalibai ke wuce teburinsu kullum ba sa tambayarsu komai sai inda ake ajiye jaka. Matambayi ba ya ɓata. Ki je sashen tambaya ko sashen intanet, ki gaisa, ki ce, "Malam, ni ɗalibar digiri na biyu ce, ga batuna, ga kalmomin da nake nema da su. Waɗanne rumbuna muke da su, yaya ake shiga, kuma zan iya shiga daga gida?" Ki tambaya ko suna aro wa ɗalibi littafi ko maƙala daga wani laburaren. Ki tambaya ina ake ajiye kundayen digiri na biyu da na uku.

Cikin rumbunan da za ki tambaya da suna akwai JSTOR, wanda aka kafa a 1995, kuma ya tara tsofaffin fitowar mujallu tun daga ta farko, sai dai na shekarun baya-bayan nan sukan yi jinkirin shiga. Ko jami'arku ba ta ciki, kina iya buɗe asusun kanki kyauta ki karanta wasu maƙalu a kan allo kowane wata. Akwai Project MUSE na maɗaba'ar Jami'ar Johns Hopkins, mai ƙarfi a adabi da tarihi da al'adu. Akwai Research4Life, shirin da ke ba makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar shiga dubban mujallu kyauta ko da rangwame, kuma tun 2018 yana da sashe mai suna GOALI na shari'a da fannonin zamantakewa. Makaranta ce ke yin rajista, laburare ke riƙe da kalmar sirri. Waɗanda ba sa buƙatar kowace kalmar sirri kuma su ne DOAJ, da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, mai jera mujallun da ake karantawa kyauta bayan an tantance su, da AJOL mai ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, da CORE mai tattaro maƙalu da kundaye daga rumbunan jami'o'in duniya.

In duk da haka wata maƙala ta ƙi buɗuwa, ki duba gefen dama a Google Scholar, ko ki danna inda aka nuna sauran kwafinta, domin marubuta da yawa suna ajiye kwafi a rumbun jami'arsu. In babu, ki rubuta wa marubucin. Adireshin imel ɗinsa yakan kasance a shafin farko. Layi uku ya isa: ko ke wace ce, me kike bincike a kai, da roƙon kwafi. Marubucin maƙala ba ya samun komai daga kuɗin da ake cajin mai karatu, kuma da yawansu murna suke yi a nemi aikinsu. Wani ba zai amsa ba, sai ki wuce.

Kundayen da ke laburarenku ki karanta su don ki ga yadda na gaba da ke suka tsara babi, da hanyar binciken da suka bi, da manazartarsu. Amma kada ki ambaci aikin da ba ki gani ba kamar kin gani. In kundi ya ce wane ya ce kaza, ki nemo wanen. Kuskure yakan yi ta yawo daga kundi zuwa kundi shekara da shekaru saboda kowa kwafa yake daga na gabansa.

Dangane da ƙarfin manazarta da malaminki ya ambata, ba duk abin da ya kira kansa mujalla ne mujalla ba. Akwai masu karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana biyu ba tare da wani masani ya duba ba. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayen irinsu har zuwa 2017 da ya rufe jerin. Alamominsu ba sa ɓuya: mujalla ɗaya ta haɗa noma da adabi da injiniyanci, ga alkawarin bugawa nan take, ga kurakurai a shafin farko, ga editocin da ba a san inda suke koyarwa ba. In kina shakka, ki duba ko tana cikin DOAJ ko wani rumbu da laburare ya sani, ko ki tambayi ma'aikacin. Wikipedia kuwa ki karanta don ki sami hanya, ki gangara ƙasa ki bi madogararta, amma ita kanta ba ta shiga kundi. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira: suna iya ƙago miki sunan marubuci da mujalla da shekara, komai ya yi kyau a ido, alhali babu aikin a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago. Duk abin da ba ki buɗe da hannunki ba, kada ya shiga manazartarki.

Karatun kansa yana da dabara. Ki fara da tsakure, sai gabatarwa, sai kammalawa. In ta shafe ki, ki koma ki karanta tsakiya a tsanake. Kowace maƙala ki ba ta rabin shafi a littafinki: tambayar da marubucin ya yi, inda ya yi binciken da mutum nawa, abin da ya gano, wanda yake goyon baya ko yake ƙaryatawa, da layi ɗaya na ra'ayinki ke. Wannan layin na ƙarshe kada ki tsallake shi, daga irinsa muryarki za ta fito a babin. In kin kwafi kalaman marubuci, ki sa alamar zance da lambar shafi nan take, domin bayan wata biyu ba za ki iya tuna wanne ne naki wanne ne nasa ba, kuma ta nan mutanen kirki ke faɗawa satar fasaha ba da niyya ba. Ki sauke Zotero, manhaja ce kyauta da aka ƙirƙira a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006. Tana ajiye bayanan duk abin da kika karanta, ta kuma jera miki manazarta a salon da sashenku ke bi, APA ne ko Chicago ko MLA. Ki dai riƙa duba abin da ta ɗauko, takan yi kuskure a sunaye da shekaru.

Idan kin zo buƙatar alƙaluma, ki nemi rahotannin ƙidaya na hukumar ƙididdigar ƙasar da kike nazari, da bayanan Bankin Duniya da ke buɗe ga kowa. Masu karanta mu da ke fannin tarihi ko adabi kuma, su ƙara da taskokin adana takardu, da Internet Archive don tsofaffin littattafai, da shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda tun 2004 yake ɗaukar hoton rubuce-rubucen hannu da jaridu daga ƙasashe da dama yana saka su a intanet kyauta.

Sai malaminki. Nauyin da kike ji na tambayarsa ya riga ya ci miki watanni, kada ki bari ya ƙara. Malamin da ya dawo da babi sau uku yana karanta aikinki ne, kuma gara ki ji wannan daga bakinsa da ki ji daga mai jarrabawa na waje. Amma kada ki koma masa da sabon babi tukuna. Ki ba kanki mako uku na nema da karatu, sannan ki je da shafi ɗaya: mas'aloli huɗu ko biyar da babin zai tsaya a kansu, kowace da sunayen waɗanda za ki tattauna a ƙarƙashinta, da jimla biyu a kan giɓin da kika hango. Ki ce, "Malam, na sake tsari, ina so ka duba kafin in fara rubutu. Akwai ayyukan da kake ganin bai kamata in bari ba?" Gyaran shafi ɗaya minti goma ne a wurinsa, kuma in ya amince da tsarin, rubutun ba zai wuce mako uku ko huɗu ba. Kina jiran amsarsa ki ci gaba da shirya tambayoyin hirarki, kada babi ɗaya ya tsayar da komai.

Kukan dare kuma ban raina shi ba. Gajiya da kaɗaici suna sa ƙaramin abu ya yi girma. Ki sami ɗaya cikin abokan karatunki da suka wuce wannan babi, ki roƙe ta ta nuna miki nata da gyaran da aka yi mata, za ki ga ita ma jan biro bai bar ta ba. Ki gaya wa wani a gida halin da kike ciki don a rage miki wasu ɗawainiyoyi na ɗan lokaci, ki kuma riƙa barci, kan da bai huta ba ba ya riƙe karatu. Tun yanzu ki je ofishin makarantar karatun gaba da digiri ki karanta ƙa'idarsu ta neman ƙarin lokaci, domin galibi a rubuce ake nema, ta hannun mai duba aiki, kuma kafin wa'adi ya cika. Ina sa ran ba za ki buƙace ta ba, amma ki san ranar da ake rufe karɓa. Allah ya ba ki sa'a, ƙanwata, ya sa ki kare kundinki lafiya.